Na ƙona injin kafen maigidana, aka ɗora wa wani laifin

Hajiya Zalika, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, wata biyu ke nan abu ɗaya yana cin raina. Na zauna da niyyar in tambaye ki irin injin niƙa kafe, wato gahawa, da zan saya mai sauƙin kuɗi, amma na san in ban gaya miki dalili ba na cuce ki, na cuci kaina.

A Tanut muke. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, maigidana kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, yawanci yana daji wajen makiyaya. Mutum ne marar son abin duniya, ba taba, ba goro. Abu ɗaya ya ɗora wa rai: kafen nan mai kauri da ake kira esfireso, wanda ake sha a ɗan kofi kamar na shayi. A Aljeriya ya koya lokacin karatu. Yana da tukunyarsa ta lantarki, da wani ɗan inji mai niƙa ƙwayar. Injin nan yayansa Ismail ne ya kawo masa daga Tamanrasat a tafiyarsa ta ƙarshe, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ko ƙurarsa shi yake gogewa da kansa.

To, ƙanwata ta haihu, aka ɗora mini yin yajin jego. Ranar injin unguwarmu ya lalace, ga kafaɗata tana ciwo, maigidana kuma ya tafi Tenhiya rigakafin shanu. Sai na dubi ɗan injin nan na ce ai niƙa niƙa ce. Na zuba kanumfari da masoro ya cinye, na ji daɗi. Da na zuba busasshiyar citta sai ya yi wata ƙara, ya tsaya, warin ƙuna ya tashi. Na zazzage shi, na goge, na shanya, na mayar wurinsa kamar ba a taɓa ba.

Da ya dawo ya kunna, shiru. Ina tsaye a bakin ƙofa, maganar tana bakina, wallahi tana bakina, sai na ga fuskarsa na haɗiye. Shi da kansa ya tuna cewa kwana biyar kafin nan abokinsa ya canza mana batirin sola. Zan kira shi Aghali, ba sunansa ba ne. Tun suna yara suke tare, aikin wuta ne sana'arsa. Maigidana ya kira shi ya gaya masa maganganun da ban taɓa jin sun fito daga bakinsa ba. Bawan Allah ya zo a kan babur da rana tsaka, ya auna wayoyin duka, ya ce bai ga matsala ba, a ba shi injin ya buɗe. Maigidana ya hana. Hajiya, a ranar har hamdala na yi a zuci, don na san da ya buɗe ƙamshin citta ne zai tarbe shi. Wannan hamdalar ita ta fi komai ba ni kunya.

Yanzu ba sa gaisawa sai a masallaci, shi ma sama-sama. Kuma na ji maigidana ya ba abokan aikinsa labari, har wani mai shirin sa sola a gidansa a Belbeji ya fasa ba Aghali aikin. Matar Aghali, Nafisatu, kuwa ba ta canza mini ba. Makon jiya ta aiko mini da cuku, na kasa ci, na raba wa maƙwabta.

Tun daga lokacin ni nake daka masa ƙwayar kafen a ƙaramin turmi kowace safiya, in tankaɗe. Ba ya yin daidai, wani lokaci ya fito tsararo kamar ruwan wanki, wani lokaci tukunyar ta toshe. Amma sai ya shanye, ya yi ta sa mini albarka, har ya gaya wa mahaifiyarsa irin wahalar da nake yi dominsa. Duk albarkar da ya sa sai in ji kamar ya mare ni.

Ina da ƴan kuɗi kaɗan da na ajiye. Wata ƙawata ta turo mini hotunan injina daga Damagaram, akwai mai araha sosai da wuƙa a ciki, akwai na hannu, akwai masu tsadar da ba zan iya ba. Wanne zan saya? Kuma in na kawo masa sabo ya huce, ya shirya da abokinsa, dole ne sai na faɗa? Shekararmu tara bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Taki, Mai ƙaramin turmi, Tanut.

Ƴar'uwata, wa alaikumus salam. Bari in fara da mai sauƙin.

Mai wuƙar nan ki bar shi, ko kyauta ne. Sara yake yi, sai garin ya fito wani tsaki wani laushi, irin matsalar da turminki ke ba ki. Esfireso yana son gari mai kai ɗaya. Nemi mai haƙora biyu da ke murza ƙwayar a tsakaninsu. A kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na hannu ya fi na lantarki nesa, don kuɗin duka a haƙoran ya tafi, kuma maigidanki zai iya sa shi a jaka ya tafi da shi daji. Ki sa ƙawarki ta duba abu uku: haƙoran su zama na ƙarfe, sandar tsakiya kada ta yi rawa in an girgiza, sannan wurin saitin laushi ya zama mai matakai ƙanana da yawa. Ta tafi da ƙwaya a gwada a gabanta. Garin ya fi gishirin leda laushi, amma kada ya kai fulawa.

Sai dai kada ki saya tukuna. Ba mamaki tsohon yana gyaruwa, sau da yawa ƙaramin abu ne ke ƙonewa. Kuma kin san wanda zai iya gyaran.

Yanzu babbar tambayar. Ban ga mugunta a ƙona injin ba. Kin gaji, kafaɗa na ciwo, kika yi kuskuren da kowa zai iya yi. Tsoron da kika ji ma na gane shi, abin marigayi ne. Shi ma maigidanki yana da nasa: ya yanke hukunci ba bincike, ya hana a buɗe, ya kai sunan abokinsa waje. Amma da shirunki ya yi duk wannan. Da a tsakaninku biyu abin ya tsaya, da na ce ki zaɓi lokacin da ya yi miki. Akwai mutum na uku da ya rasa aboki, ya rasa aiki, kuma sana'arsa da sunansa take ci. Sabon inji ba zai mayar masa da ko ɗaya ba. Ko sun shirya, maigidanki zai ɗauka yafe masa ya yi, alhali shi ne ya kamata ya nemi gafara.

Don haka dole ne, kuma cikin makon nan. Ki same shi ku biyu, bayan ya ci abinci, hannunki ba kyauta. Ki faɗi abin da kika yi a jere, har da ranar da Aghali ya zo kina kallo. Kada ki jingina da ciwon kafaɗa. Zai yi fushi, wataƙila shirun ya fi ƙona masa rai fiye da injin. Ki bar shi ya yi, kada ki nemi ya yafe nan take. Shekaru tara na gaskiya ba sa rushewa da wannan, amma in ya ji daga wani wuri za su girgiza.

Bayan nan shi zai je wurin abokinsa, ya kuma koma ga duk wanda ya ba labarin ya gyara, har da mutumin Belbeji. Ke kuma ki taka da ƙafarki gidan Nafisatu.

Allah ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya mayar wa bawan Allahn nan da abin da ya rasa, ya jiƙan Ismail.

Hajiya Zalika