Alƙawarin da na yi wa Baban Fenti

Litinin, 3 ga Maris

Mun fara aiki a kamfanin ƙera kujeru. Mai kamfanin ya ɗauko mu, ni da Yaya, mu gano masa dalilin da ya sa kaya ba sa fita a kan lokaci, mu ba shi shawarar gyara. Da ganinsa mutum ne mai son gaskiya, muddin ba a kansa za ta sauka ba. Kamar kullum, makon farko babu shawara, saurare kawai. Yaya ya ɗauki manyan ofis, ni kuma ma'aikata, ɗaya bayan ɗaya. An ba ni wani ɗan ɗaki bayan sito, fankarsa ƙara kawai take yi, babu iska.

Laraba, 5 ga Maris

Duk wanda ya shigo, "Lafiya lau, Hajiya, ba matsala." To in ba matsala, uban me ya kawo mu? Ina ta maimaita musu abin da Yaya ya koya min tun ranar da ya sa ni a wannan sana'a: maganarku za mu kai, ba sunanku ba. Suna kallona kamar mai tallar magani.

Juma'a, 7 ga Maris

Yau an dace. Shugaban sashen fenti ya shigo, wani dattijo da kowa ke kira Baban Fenti. Yana da wata ɗabi'a: kafin ya faɗi magana mai nauyi sai ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya yi gyaran murya. Ya yi hakan, ya ce, "'Yata, kin tabbata?" Na ce, "Baba, na ɗaukar maka alƙawari."

Sai ya buɗe ciki. Ɗan mai kamfanin, wanda aka ɗora a kan karɓar oda, yana sauya launi da adadi ta waya bayan an gama fenti, don ya burge masu saye. A kankare, a sake. Kowa ya sani, ba mai iya faɗa.

A mota na ba Yaya labari, har na kwaikwayi goge tabarau ɗin, don dattijon ya shiga raina. Muka yi ta dariya.

Alhamis, 13 ga Maris

Rahoto ya kammala. Mun rubuta "ma'aikata da dama sun nuna", mun ba da shawarar duk sauyin oda ya bi ta hannu ɗaya, a rubuce. Na ji daɗin aikin nan.

Talata, 18 ga Maris



Mun gabatar da rahoto, ɗan mai kamfanin ma na zaune a wurin. Mai kamfanin ya ji zancen ɗansa, fuska ta murtuke. Ya ce, "Wa ya faɗa?" Na ce ƙa'idar aikinmu ba ta yarda ba. Ya ce in haka ne babu batun kashi na biyu na aikin, shi ba ya hulɗa da masu ɓoye masa abin gidansa.

Sai Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, suna kam ba ma faɗa." Yana faɗa yana cire tabarau. Ya goge da bakin riga, a hankali, ya yi gyaran murya.

Mai kamfanin ya ce, "Oho." Ɗan ya yi dariya.

Yaya. Uwa ɗaya, uba ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris

Na tare Yaya a ofis. Ya ce, "Kin ji na ambaci suna?" Na ce ai gara ma ka ambata, da ka yi abin maza. Ya ce ni yarinya ce har yanzu, wai in ba mu samu kashi na biyu ba, gyaran ma ba za a yi ba, ma'aikata ne za su sha wuya. Ji fa, har ma'aikata yake tausaya wa! Wai kuma ba abin da za a yi wa tsohon, faɗa ne kawai.

Abin da ya fi ci min rai, shi ya koya min alƙawarin nan. Ashe shi a wurinsa dabara ce ta buɗe bakin mutane. Ni ce sakarar da ta ɗauka da gaske.

Juma'a, 21 ga Maris

Sun sallami Baban Fenti. Wai "sake tsari".

Litinin, 24 ga Maris

Na gan shi a bakin ƙofar kamfani, ya zo kwashe kayansa a buhu. Na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambayi mutanen gida. Na fara, "Baba, wallahi ba ni…" Ya ce, "Ba komai, 'yata. Ni ne na girma ban yi hankali ba." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 30 ga Maris

Mama ta kira mu ta ce ba ta son jin an ce 'ya'yanta sun raba gari saboda bare. Yaya ya zuba min abinci da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba. Na ci. Na ce zan bar kamfaninmu, Mama ta ce in je ina, da yara biyu a makaranta?

An ba mu kashi na biyu. Ɗan yana nan a kujerarsa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sabon aiki, wani kamfanin dakon kaya. Makon saurare. Wata ma'aikaciya ta shigo, da tsohon ciki, ta ja ƙofa ta rufe da kanta, ta matso da kujera. Ta sassauta murya ta ce, "Anti, akwai abin da manajanmu yake yi, na daɗe ina neman wanda zan gaya wa."

Na tambaye ta ko kujerun ofishinsu suna da daɗin zama. Ta dube ni, ta ce suna da daɗi. Muka yi hirar kujeru da na'urar sanyaya ɗaki har lokaci ya cika, na raka ta bakin ƙofa.

A mota Yaya ya ce, "Me aka samu?" Na ce lafiya lau, ba matsala.

Gajiya ce dai, ina jin.