Na Buɗe Akwatin Motarka, Hamidu

Matarka Rabi ta haihu, namiji ne, kuma na buɗe akwatin! Ka ga na manta da sallama. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, ɗana Hamidu. Na san babu mai kai maka takardar nan, ba kuwa za ka karanta ba. Amma kai ka matsa mini in shiga lakkwal, makarantar boko ta yamma, da furfurata, ina zaune ina a, b, c gaban mushe, malamin lakkwal, sa'an ƙanenka. To wa zan fara rubuta wa in ba kai ba?

Wata biyar ke nan da zazzaɓi ya kayar da kai a Tama, kan hanyarka ta zuwa Buza. Kafin labari ya iso Madawa an riga an rufe ka. Aka kawo mana rigarka da takalmanka. Mabuɗin akwatin motarka da kake ratayawa a wuya babu wanda ya san inda ya shiga.

Motarka tana nan bakin maƙera bisa duwatsu, yadda ka ɗora ta tun da yaƙin Turawa ya sa esansi, man mota, ya yanke. Kaji na kwana ƙarƙashinta. Innarka kan share mata ƙura da safe, in na hango ta sai ta yi kamar tabarma take kakkaɓewa.

Jaririn yau kwanansa shida, gobe suna. Ranar da aka haife shi na aika innarka ta tambayi matarka ko ka bar wasiyyar suna. Rabi ta sunkuyar da kai, ta ce ka rubuta, yana cikin ɗan akwatin nan na gaban mota, kusa da sitiyari. Aka sake tambayarta ko ka faɗa mata da baki. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ƙara cewa komai ba. Na ji haushinta, ba zan ɓoye maka ba. Na ɗauka taurin kai ne. Liman ya ce in gari ya waye ba a samu ba, shi zai zaɓa, don ba a ɗaga suna saboda kuba. Kawunka Sanda kuwa har ya ɗauko guduma. Na karɓe ta daga hannunsa. Yaya zan bari a fasa abin da hannunka ya kulle?

Abokinka Isufu direba ya kawo wani mabuɗi da ya ciro daga matacciyar mota irin taka a Ƙonni. Yana shiga kubar lafiya, amma ba ya juyawa. Sai na yi abin da na gada. Na ƙera mabuɗi a kan siffarsa, na shafa masa baƙin hayaƙin fitila, na sa na murɗa, na fito da shi na duba inda baƙin ya goge, na bi da magagari. Haka ubana ya koya mini, mabuɗi ake gyarawa ya bi kuba. Kwana uku ina wannan. Na farko ya lanƙwashe. Na biyu ya karye a ciki, da ƙyar na zaro guntun da allura. Shekara arba'in ina ƙira, ga abu bai kai babban yatsana ba ya tsayar da ni a gaban mutane.

Yau da hantsi ina zaune a mazauninka, hannuna a kan sitiyari, sai na tuna ranar da ka kawo motar gida. Kana tune? Shekara biyu ban yi maka magana ba, don ka bar zugazugi ka bi ƙarfen da wani ya ƙera. Ka zo ka durƙusa a maƙera da zuciyar kubar nan a tafin hannunka, kana so ka nuna mini aikin maƙeran wata ƙasa. Ka ce akwai ɗan rami a gefe, in an tura allura sai zuciyar ta zame ta fito. Ka ce in mabuɗi ya ɓace, kubar ake gyarawa ta bi sabon mabuɗi. Na ce wannan aikin ragwaye ne, na juya maka baya na ci gaba da dukan fartanya. Hamidu, na ji duk abin da ka faɗa. Da wutsiyar ido nake kallon hannunka. Girman kai ya hana ni juyowa.

Na nemi ramin, na tura allura, zuciyar ta fito kamar yadda ka ce. A nan da na sa ƙusa na ture sakatar da ta buɗe, amma ban so in shiga akwatinka kamar ɓarawo ba. Na zura mabuɗin Isufu a cikin zuciyar. Tana da 'yan haƙora biyar na tagulla. Uku suka kwanta daidai, biyu suka tsaya suna leƙe. Su ne suka hana juyawa. Na ɗauki ƙaramin magagarina, na riƙa ci kaɗan kaɗan ina busawa, ina shafawa da yatsa, har wurin ya yi sumul. Na mayar da ita, na yi bisimilla, na murɗa. Ta juya kamar dama mabuɗin nata ne.

A ciki na sami goro ɗaya da ya bushe, da 'yar wuƙar da na ƙera maka lokacin kaciyarka, wadda na zaci ka yar tuntuni. Ƙarƙashinta ga tsohuwar takardar hanya, ka yi rubutu a bayanta. Ban kira mushe ba. Da kaina na bi harafi harafi da yatsa. In mace ce, sunan innarka. In namiji ne, Ibrahima.

Sunana, Hamidu. Ni da ban taɓa hawa motarka ba ko sau ɗaya kana raye.

Sai a lokacin na gane shirun Rabi. Ta sani tun farko. Ina za ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukinta, kuma a gaban innarka? Kwana shida yarinyar nan tana kallona ina fama da ƙarfe, kunya ta ɗaure mata harshe, ni kuwa ina jin haushinta. Na je ƙofar ɗakinta na tsaya, na ce Allah ya yi mata albarka. Na ji tana kuka a ciki.

Ni ma ina da tawa kunyar. Kai ne ɗan farina, ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, sai dai in ce wancan, ko yaron nan. Yau na rubuta shi har sau nawa? Da na san haka yake da daɗi, da na kira ka ko sau ɗaya a bayan maƙera inda babu kowa.

Yaron yana da kunnuwanka, da dogayen yatsu. In ya girma ya ce maƙera, zan ba shi masaba. In ya ce mota, ga mabuɗi na ajiye masa, na yi masa sabuwar igiyar fata.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri. Ka yafe mini. Na mayar da takardar inda ka aje ta, na bar murfin a buɗe. Na aika Buza da Keita da Tama, har wa mutanen da suka yi maka sutura. Gobe da safe kowa ya zo, a ga takwarana, a ga rubutun ubansa da ido.

Ni ne ubanka, Ibrahima maƙeri, Madawa.