Kwanon Talatu

Soron Ɗinki, Kano

Ƙanwata Nana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Hashim da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taki?

Labarin Talatu da kika ji gaskiya ne. Ta faɗi a gidan suna a Koki, tana kumfa, matan wurin suka watse suka bar ta a ƙasa. Tun daga ranar ta fara mantuwa. Jiya ta tambaye ni ko ni baƙo ne, matar da muka tsufa tare.

A gidan nan kuwa an ware mata kwano, an ɗaura masa jan tsumma, wai yawun mai farfaɗiya yana yaɗa cutar. Rabin masu wannan magana ni na koya musu kimiyya. Ashe alli kawai na ɓata.

A asibiti an ɗebi ruwa daga bayanta. Wata likita, Muhsina, ta ce garkuwar jikinta ce ke yaƙar ƙwaƙwalwarta har ta kumbura, kuma akwai magani. Suna so ta shiga wani bincike. Na san irinsu: su rubuta takardu, a ƙara musu girma, mu mu koma gida da ciwonmu. Amma na sa hannu, don ba ni da wata ƙofar.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Ilu

*

Soron Ɗinki, Kano

Nana,

Gaisuwa mai yawa. Da fatan kun sha ruwa lafiya. Ya ƙishirwa?

Talatu ta dawo. Na gane haka ne ranar da ta yi mini faɗa a kan hular da na bari a turmi. Ban taɓa jin daɗin masifa irin wannan ba.

Masu binciken sun ɗaura mata wani abu kamar agogo a hannu. Wani lokaci yana motsi kafin ciwon ya zo, sai ta zauna a tabarma. Yana kuskure, kuma likitar ba ta ɓoye mini ba. Wannan ya sa na fara ganin mutuncinta.

Kwanon ne ya ƙi warkewa. Talatu ba ta kuka da allura, amma kullum da magariba tana kallon matan gida sun kewaye tire ɗaya, ita tana gefe. Na yi bayani har na gaji.

Shekaranjiya agogon ya motsa ana shirin buɗa baki. 'Yardada, matar marigayi Yaya Sule, ta ga Talatu ta zauna da kanta, ciwon ya zo, ya wuce. Da ta farfaɗo, tsohuwar ta goge mata baki da mayafinta, ta kwance jan tsumman, ta juye ƙosan da ke kwanon cikin tire. 'Yardada ce ta fara ci.

 

Ki zo da Sallah, akwai wurinki a tiren.

Yayanki,
Ilu