Ƙorafin Barau Kan Kuɗin Ciyarwa na Wata Biyar

Malam Bahauddeen Salihu,
Farin Dutse,
Ƙaramar Hukumar Gwaram.
18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sulhun Iyali,
Birnin Kudu.

Assalamu alaikum.

GAME DA: KARƁAR KUƊIN CIYARWA DA SUNAN YARINYAR DA TA RASU

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, na rubuto ne a madadin yayana Barau Salihu, manomi, wanda ba ya rubutun boko. Abin da ya faɗa na rubuta. Inda magana ta gagare shi, na cike da abin da na gani.

1. Ranar 9 ga Janairu, 2023, bayan rabuwarsa da Kubra, wannan kwamiti ya yanke masa naira dubu goma sha biyu duk wata don ciyar da 'yarsu Rufaida mai shekara huɗu, wadda ta bi uwarta Birnin Kudu. Aka sharɗanta ya riƙa miƙawa ta hannun Musbahu, wan Kubra, kada ya taka gidansu. Manomi sau ɗaya yake samu a shekara, amma Barau bai yi musu ba. Abokansa na majalisa sun yi ta zuga shi cewa an cuce shi, wai uba a irin wannan hukunci ba a ganin komai nasa sai aljihu. Ya toshe kunne, domin a ganinsa tuwon 'yarsa ne, ba tara ba.

2. Wata ashirin da biyu bai taɓa fashi ba. A watan Agustan bana, da rumbu ya yi ƙasa, akuyarsa ya sayar ya cika.

3. Mai Girma ya san al'adarmu. Rufaida 'yar fari ce, Barau kuwa mutumin da ne, ba ya kama sunanta, balle ya buɗe baki ya tambayi suruki lafiyarta. Yakan miƙa kuɗi, ya gaida mutanen gida a dunƙule, ya hau mota. Da wannan kunyar aka ci amanarsa.

4. Ranar 2 ga Nuwamba, a tashar Birnin Kudu, wata dattijuwa maƙwabciyar su Kubra, Inna Turai, ta tare shi ta yi masa ta'aziyya, har da faɗan rashin zuwansa. A bakinta ya ji cewa zazzaɓi ya ɗauke Rufaida tun 3 ga Yuni. Musbahu ya shaida wa Kubra cewa an aika wa uban, ya ƙi zuwa, alhali ba wanda aka aiko. Ita kuma ko sisi ba ta ƙara gani ba. Sau biyar Musbahu yana buɗe hannu ya karɓa, har da atamfar Babbar Sallah da Barau ya kai masa, mako biyu bayan an binne yarinyar.

5. Tun ranar yayana bai koma daidai ba. Ya lissafa ya gano cewa a ranar da aka yi mata sallah yana gona yana shukar gero, har da 'yar waƙarsa. Idan yara mata suka taso daga Islamiyyata, sai ya tsaya a bakin zaure yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ina jin tsoron halin da yake ciki.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma, cikin ladabi:

(a) A kira Musbahu a gaban Kubra, don ta san cewa Barau bai ƙi gawar 'yarsa ba.

(b) Duk uban da za a yanke wa ciyarwa nan gaba, a rubuta masa haƙƙin a sanar da shi rashin lafiyar ɗansa ko rasuwarsa a takarda ɗaya da kuɗin.

(c) Dubu sittin ɗin kuwa, Barau ya ce ba ya so, a ba Kubra. Abin da yake nema shi ne a ɗage masa sharaɗin nan na yini ɗaya, ya shiga ya yi wa uwar ta'aziyya, sannan a haɗa shi da wanda ya halarci jana'izar ya nuna masa kabarin. Sau biyu yana zuwa maƙabartar shi kaɗai. Ƙananan kaburbura sun yi yawa, bai san a kan wanne zai tsaya ba.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Bahauddeen Salihu,
a madadin Barau Salihu, wanda ya dangwala yatsa a ƙasa.