Dariyar da Muka Yi wa Sato

Laraba da dare, Al Warsan

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau Sato, dattijon nan ɗan Japan da ke kawo mana kayan gyaran mota, ya zo sito duba kaya. Wurin da duhu, ya nemi a kunna "light", amma bakinsa ya ba da "right", don su R da L duk ɗaya ne a harshensu. Ƙanena Bashir ya gane sarai, amma ya juya dama ya ƙame kamar soja. Ma'aikata suka fashe da dariya. Har Bashir ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo: "Yalla, maza sake faɗa!"

Sai dattijon ya sunkuya ya ba mu haƙuri. Wai shi ne ma mai laifi!

Na ce, "Bashir, kai da ke ce wa 'people' 'fiful', yau kai ne malamin Turanci?"

"Haba Yaya, wasa ne fa."

"Goge shi yanzu, khalas, magana ta ƙare."

Ya goge yana gunaguni. Ni na je na kunna fitilar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin in tsawata, ni ma sai da na dara. Kuma Sato ya gan ni.