Hayatu a Gindin Bene

Jami'a, 6 ga Fabrairu, 1977

Yaya Maikano,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da mutanen bakin Tiga. Yaya ruwa, yaya kifi?

Bayan haka, gara ka ji daga bakina. Ranar Litinin na dawo daga kasuwa ina rarrafe da takalman hannuna na katako, jakar littattafai a wuya. Ashe an sa sabon mai gadi a ƙofa. Na ɗaga hannu na gaishe shi yadda aka koya mana a gida, shi kuwa ya ɗauka roƙo nake, ya ce ba a bara a nan. Kafin in ciro katina na ɗalibi ya zuba min dorina a fuska, ya sa ƙafa ya hankaɗa ni kwata. Haƙorana biyu sun tafi. Abin da ya fi ƙona min rai, da ya ga katin sai ya ce na wa na sato.

Shekara biyu ina jan jiki zuwa aji a bene na uku. Takarda huɗu na rubuta a sauko da ajin ƙasa, ko kallo ban samu ba. Yanzu da aka zubar min da jini kowa ya san sunana. Kada Gwaggo ta ji.

Ƙaninka,
Hayatu

Bakin Tiga, 15 ga Fabrairu

Hayatu,

Muna amsawa, kowa lafiya. Malam Sunusi na firamare ke rubuta min, ya kuma ƙi rubuta zagin da na yi, sai ka cike da kanka.

Ranar da ruwan dam ya ci garinmu, a bayana na goyo ka har tudu. Ban fito da kai don wani ƙato ya mayar da kai jaki ba. Tun da aka karanta min wasiƙarka ban jefa taru ba, zuciyata tafasa take. Ko ka tattaro littattafanka ka dawo, ko in zo da addata in tambayi mutumin nan da wane hannu ya dake ka. Ka san ni. Boko bai kai haƙori biyu ba.

Allah ya ba ka lafiya.
Yayanka, Maikano

Jami'a, 2 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ajiye addarka, an riga ka. Ranar Alhamis ɗalibai suka cika ƙofar ɗakina, suka saɓa ni a kafaɗa kamar tuta, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Suka cinna wa ɗakin masu gadi wuta, suka ritsa mutumin a jikin katanga. Mamman sunansa, tsohon soja ne ɗan Burumburum. Dutse ya fasa masa kai, jini ya rufe masa ido, suna ta kirɓarsa da ƙafafun kujeru. Masu ɗauke da ni suka yar da ni don su sami hannun duka.

Wallahi na tsane shi, Yaya, har yanzu ma. Amma da na ji wani yana kiran a kawo kananzir, sai na rarrafa na kife a kansa. Sandar da aka nufo shi da ita ta karya min hannun dama gida biyu. 'Yan sanda suka zo da barkonon tsohuwa, aka bi ta kanmu a guje. Mamman yana asibiti, da ransa.

Yanzu ɗalibai na ce min munafuki. Hukumar makaranta kuma ta kira ni Laraba mai zuwa: in faɗi sunayen masu dukan, ko a kore ni. Zauren da za su zauna a saman bene yake. Hannun nan kuwa ka san shi ne ƙafata. A baron masu lambu abokina Umaru ke tura ni.

Ƙaninka,
Hayatu

Bakin Tiga, 6 ga Maris

Hayatu,

Sannu, sannu. Gwaggo ta ji a kasuwar Ƙafin Maiyaki, kwana biyu ba ta ci ba. Ban ga taurin kai irin naka ba, ka ba da hannunka saboda wanda ya cire maka haƙori. To tunda karatun kake so, ka bari a ɗauke ka a hau da kai, ka faɗi sunayen, ka sauko. Ɗaukar ba abin kunya ba ce. In ba za ka iya ba, gida na nan.

Allah ya sawwaƙe.
Maikano

Jami'a, 10 ga Maris

Yaya,

Ina gaida kai da Gwaggo. Jiya Laraba Umaru ya ajiye ni a gindin benen tun hantsi. Sau uku masinja na saukowa zai ɗauke ni, ina cewa ya gaya wa 'yan hukumar wanda suke nema yana ƙasa. Bayan azahar suka sauko su bakwai, kowa rungume da kujerarsa yana haki.

Shugabansu ya tambaye ni su wa na gani cikin masu dukan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni daga ƙasa nake kallon mutane. Ƙafafu na gani."

Ba su kore ni ba. Ajin ma ba su sauko da shi ba, wai za a duba. Mai ɗori ya ce hannun ba zai ƙara ɗaukar nauyina ba. Ka lallashi Gwaggo, ba zan dawo ba. Litinin da takwas akwai darasi, a gindin benen malamin zai same ni.

Ka huta lafiya.
Hayatu