Rabin Labarin Bajamushe

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Nusrat ba ta zo ba. Asabar ta uku ke nan. Da can jikar nan tawa kan zauna a ƙasa in yi mata labari har shayinta ya huce. Yanzu ta cika goma sha bakwai, bakinta kuma babu komai sai "Koci ya ce". Na ce mata a waya, amarya, kin sake ni kin koma gidan Bajamushe? Ta yi dariya, ta amsa da Turanci.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na hau bas zuwa Thamesmead, wata unguwa a nan Landan, in ga mutumin da idona. Henning sunansa. Dogo, ga furfura, yana jan ƙafar hagu. Shi ke koyar da 'yan matanmu ƙwallo a filin council, wato na ƙaramar hukuma. Bayan training ya zuba mini shayi a murfin flas, na ja shi da hira.

Shekara goma sha uku ya yi yana buga tsakiya a Jamus, a rukuni na biyu, lamba shida. Ƙwallo uku kacal ya ci. Wai aikinsa ya karɓa ya miƙa, wani ya sha tafi. Da gwiwa ta lalace ya koma koyarwa a wani ƙaramin gari.

Sai ya ba ni wani labari da ban tambaya ba. A shekararsa ta farko ta koci akwai wani ɗan wasansa, Baturke, mai azumi. Ya miƙa masa gorar ruwa gaban kowa, ya ce ko ya sha ko ya zauna a benci. Mutumin ya zauna, wata guda cur, daga nan ya bar ƙwallo. Henning ya ce abin bai bar shi ya huta ba. Ya je har gida ya ba shi haƙuri, shekarar da ta biyo ya mai da training bayan shan ruwa. Masu kulob suka ƙi, ya dage, suka sallame shi.

Na so in ƙi shi. Ban samu ta inda zan kama ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan masallaci mun zauna a shagon Masawudu kamar kullum. Aka ce Baba Uwaisu, ba mu labari. Na ba su na Bajamushe. Na miƙe na ja ƙafa irin tasa, na ɗaga gorar ruwa, na yi muryarsa. Masawudu har ya riƙe ciki. Na kai inda Baturke ya zauna a benci, dariya ta kai ƙarshenta, sai na rufe labarin a nan.

Kakata ce ta koya mini, ka tsaya inda mutane suka fi jin daɗi. Amma ita gizo take yi wa haka, gizo kuwa ba shi da adireshi a Landan.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ruwa tun safe. Ban fita ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Labarin ya dawo mini ta waya, ya yi ƙiba. Yanzu wai mutum biyar Bajamushe ya ɗura wa ruwa da hannunsa. Hajiya Memunatu, shugabar iyayen 'yan wasan, ta kira taro ranar ashirin da biyu. Za su cire shi kafin azumi. Gida huɗu sun riga sun janye 'ya'yansu. An ce ta ce, "Daga bakin Baba Uwaisu ya fito, dattijo ba ya ƙarya."

To ban yi ƙarya ba. Kalma ɗaya ban ƙara ba. Haka nake ta gaya wa butar shayi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Nusrat ta zo, an yi cancel ɗin wasansu, ba su cika sha ɗaya ba. Asabar ɗin da nake nema ta samu. Ta zauna a ƙasa, ba ta taɓa shayin ba. Can ta ce, da Hausarta mai karkata, "Kaka, kai ka faɗa?" Na ce na faɗi wani abu. Ta ce Koci ya riga ya rubuta musu lokutan training na azumi tun watan jiya, takardar na manne a firij ɗinsu.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na ce wa jama'ar shago akwai sauran labari. Na ba da shi a zaune, ba murya, ba jan ƙafa. Babu wanda ya yi dariya. Masawudu ya ce, "Baba, me ya sa ka ɓoye wannan?" Na ce jikata ta daina zuwa wurina. Shekara talatin ina hira a shagon nan, ban taɓa jin ƙarar firij ɗinsa ba sai yau.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na maimaita a gaban iyaye, Henning yana zaune a baya, Nusrat tana fassara masa. Hajiya Memunatu ta dube ni irin kallon da ake yi wa madarar da ta wuce kwananta. Sun bar shi a aikinsa. Gida biyu dai ba su dawo ba, sun ce sun fi yarda da na farkon.

A bakin ƙofa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Rabin da ka ba su ma nawa ne. Na yi shi." Ya gyara mini mayafin wuya ya wuce.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Na kai wa su Nusrat dabino filin, don uwarta ba ta samu zuwa ba, ba don komai ba. Henning ya tsaya da agogo a hannu har lokacin shan ruwa ya yi, shi ma bai taɓa flas ɗinsa ba. Nusrat ce lamba shida. Ta karɓa, ta miƙa, wata ta ci, aka tafa wa watan. Ni kaɗai na tafa wa mai miƙawa, har wata uwa ta juyo.

Masawudu ya yi waya wai Juma'a su tanadi kujerata? Na ce zan zo in saurara.

Akwai sauran dabino. Laraba ma suna da training.